Littafin da ya haɗa kwamfuta da takardar filatinam

Duk wanda ya taɓa kai fim wurin mai wankin hoto ya san nagatif, 'yar ledar nan da fari ke komawa baƙi a jikinta, baƙi kuma ya koma fari. Mai wanki yakan sa ta a na'ura, fitila ta haska, hoto ya faɗaɗa a kan takarda. Tsoffin hanyoyin buga hoto ba su san da wannan sauƙin ba. Shuɗin bugu da Sir John Herschel ya ƙirƙiro a Ingila a 1842, da bugun filatinam da William Willis ya yi wa rajista a 1873, sinadaransu ba sa kamawa sai da hasken nan na rana da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fata. Fitilar na'urar faɗaɗawa ba ta kai ba. Dole a kwantar da nagatif a kan takardar da aka shafa wa sinadari, a danne da gilashi, a kai rana. Saboda haka girman nagatif shi ne girman hoto. Mai son hoto inci 8 da 10 sai ya saɓi ƙatuwar kyamara mai ƙafa uku da mayafi, ko kuma ya yini a ɗakin duhu yana kwafar fim daga fim har ya sami babba.

Wannan ƙullin ne Dan Burkholder, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, ya kwance a littafinsa Making Digital Negatives for Contact Printing, wanda ya fito a 1995, aka sake buga shi da ƙari a 1999. Dabarar ba ta da wuyar faɗa: a shigar da hoto kwamfuta, a gyara shi a Photoshop, a juya haskensa, a fitar da shi a kan leda garai-garai daidai girman da ake so. Da farko na'urar fitar da fim ta masu maɗaba'a aka dogara da ita. Bugu na biyu ya shigo da firinta mai fesa tawada, wadda mutum zai ajiye a ɗakinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda marubucin ya ɗauki takarda a matsayin uwar gida, kwamfuta kuma 'yar aike. Kowace hanyar bugu da halinta. Filatinam na son nagatif mai tazara mai tsawo tsakanin wuri mafi duhu da mafi haske, fiye da yadda takardar hoto ta kasuwa ke buƙata. In aka ba shi nagatif kamar yadda ya fito a allo, sai inuwa ta cushe, ko fuskar mutum ta yi fayau ba armashi. Maganin da littafin ya koyar shi ne lanƙwasa layin haske a Photoshop, ta yadda toka-tokar da aka gani a allo za ta sauka a takarda yadda take. Ana buga tsanin launi daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, a wanke, a bari ya bushe, a duba inda ya kauce, a gyara layin, a sake. Aikin haƙuri ne irin na marini da ke tsoma zane yana ɗagawa yana duban yadda shuni ya kama. Akwai kuma wata hikima da na daɗe ina jinjina wa: ba baƙar tawada kaɗai ke tare hasken rana ba, tawada mai launi ma tana tarewa, shi ya sa za ka ga nagatif ruwan goro amma ya ba da bugu mai laushin inuwa.

Littafin yana da rauninsa, kuma shekaru ne suka jawo. Na'urorin da ya yi bayani a kansu yawanci sun bar kasuwa, shafukan da ke nuna inda za a latsa a Photoshop sun tsufa. Sannan layukan gyara da ya bayar a shirye sukan ja mai koyo ya kwafa kawai, alhali takardarsa da tawadarsa da ranar garinsu daban suke. Waɗanda suka biyo baya, irin su Mark Nelson da Ron Reeder, sun ƙara nauyi a kan mutum ya auna nasa da kansa, kuma sun yi daidai. Sai dai a kan turbar da ya share suka bi.

Har yanzu ina ba mai sha'awa shawarar ya karanta shi, musamman don ya fahimci dalilin kowane mataki. In filatinam ya yi masa tsada, ya fara da shuɗin bugu: gishirin ƙarfe iri biyu ne ake haɗawa, a shafa da buroshi, a bar takarda ta bushe a wuri mai duhu. Ya ɗora ledar da ya fitar daga hoton wayarsa, ya kai rana na 'yan mintuna, ya wanke da ruwa zalla. Da wannan sinadarin Anna Atkins ta buga hotunan ciyayin teku a 1843, ita kuwa ciyawar da kanta take ɗorawa a kan takarda.