Mako Guda a Ajin CI: Abin da Na Gani a Ƙasar Yekuwa

A watan Janairun da ya wuce na koma gida, ƙasar Yekuwa, da niyyar tattara kalmomin noma da kiwo don wani aiki da aka ba mu a jami'a. Aikin bai ci mini lokaci ba, sai na roƙi diraktan lakwal ɗin ƙauyenmu ya bar ni in zauna a bayan ajin CI, inda ƙanwata take, daga Litinin zuwa Juma'a. Ya yarda. Sunan lakwal ɗin da na mushen ba za su fito a nan ba, don ba mutum nake tuhuma ba. Tsarin da aka miƙa masa nake son mu duba tare, ƴan uwa, domin galibinmu ta wannan ƙofa muka bi.

Ajin na zana ne, yara sittin da ɗoriya a kan tabarmi da buhunan da aka farke, kowa da allonsa da guntun alli. Sanyin hunturu na shiga ta ko'ina.

Litinin da safe darasin magana ne, wanda ake kira langage. Mushe ya ɗaga kwano ya ce: « Qu'est-ce que c'est ? » Ya ba kansa amsa: « C'est une tasse. » Aji ya ɗauka baki ɗaya, sau goma, sau ashirin, har zana na amsawa. Wanda ya tsaya a waje zai rantse yaran nan sun iya. Da aka fita hutun rabin safiya na ɗaga takalmina na yi wa wani yaro tambayar nan ɗaya. Ya dube ni da fara'a ya ce: « C'est une tasse. » Wallahi ban yi dariya ba. Yaron bai yi kuskure ba a nasa lissafin: an koya masa cewa idan ya ji wannan sauti, ya mayar da wancan. Hadda ya yi, kuma ya yi ta da kyau. Ma'ana ce ba a ba shi ba.

Talata aka shiga baƙaƙe da wasula, kuma a nan ne abin da muke karantawa a ilimin harshe ya tsaya a gabana da ƙafafunsa. Hausa wasula biyar gare ta, a, e, i, o, u, kowanne da gajere da dogo. Faransanci yana da fiye da goma, har da waɗanda ake fitarwa ta hanci. Wasalin da Bafaranshe ke rubutawa u babu shi a bakin Bahaushe sam, sai yaro ya ce i ko ya ce u irin tamu, mushe ya ce a sake. Haka p da v: Hausa ba ta bambanta kalmomi da su, saboda haka pain da bain da vin kusan abu guda ne a kunnen ɗan shekara bakwai. To ka ga ana neman yaro ya ɗauki kaya uku a tashi ɗaya. Ya gane cewa zane a kan allo yana wakiltar sauti, ya ji sautin da kunnensa bai saba rarrabewa ba, sannan ya san ma'anar kalmar da ba a faɗa a gidansu. Na farkon kaɗai shi ne koyon karatu. Sauran biyun koyon baƙon harshe ne, aka ɗaure su wuri guda aka aza wa yaro a ka.

Da da Hausa aka fara, kaya ɗaya zai ɗauka. Rubuta k da a da z da a, yaro ya haɗa, sai ya ji kaza, abin da ya kora daga bakin rumbu da safen nan. Rubutun Hausa na boko bai cika ba, na sani, tun da ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Amma baƙi ɗaya sauti ɗaya ne kusan ko'ina, ba kamar Faransanci ba inda o da au da eau duk abu guda suke faɗa.

Ranar Laraba lissafi ne ya fi tsaya mini a rai. Ana koyar da lambobi da tsinkayen kara, abin yabo ne, sai dai sunayen lambobin da Faransanci. Akwai wata yarinya da ta kasa haɗa trois da quatre, ta sunkuyar da kai. Da marece na same ta a bakin hanya da farantin ƙuli-ƙuli. Na sayi na dala bakwai, na miƙa mata dala ashirin, ta ba ni canjin dala goma sha uku ba ta ko ƙirga yatsu ba. Mu da ke bakin iyaka kun san yaranmu har da naira suke ciniki. Wannan yarinya a takardar mushe mai rauni ce a lissafi. Shin lissafi aka gwada ta, ko Faransanci?

Alhamis aka dawo kan le da la. Mushe ya sha wahala yana gyara masu cewa la soleil. Ni kuwa a baya ina ta cizon yatsa, domin yaran suna da hujja. A Hausa rana mace ce, rana ta fito. Wata namiji ne, wata ya tsaya. Faransanci ya juya su: le soleil, la lune. Jimla biyu da Hausa sun isa su warware wannan: ku ma kuna da namiji da mace a kalmominku, su ma suna da shi, amma rabon ya bambanta. Ba a faɗa ba, don a tunanin ajin abin da yaro ya zo da shi daga gida ba ilimi ba ne, cikas ne.

Juma'a waƙa ce da hadda da zane. Yara sun rera waƙar Faransanci da murya mai daɗi, na tambayi ƙanwata me take nufi, ta ce: "Yaya, waƙar lakwal ce kawai." Saura minti kaɗan a tashi, mushe ya gaji, ya ce da Hausa wa zai ba mu kacici-kacici. Jama'a, sai ga hannuwa sama kamar an saki tantabaru. Yaran da ban ji muryarsu ba kwana huɗu suna gardama, suna kawo dalili, suna gyara wa juna. Wannan ne darasin magana na gaskiya da na gani a makon, kuma ba ya cikin jadawali.

Kar wani ya ce sabon tunani ne na ƴan jami'a. A Damagaram aka buɗe ajin gwaji na farko mai koyarwa da Hausa tun 1973, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998, wadda aka sani da LOSEN, ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a cikin yaran da ke gama firamare a ƙasarmu, waɗanda suka kai matakin karatu da ake buƙata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan ana gwaji, takardu sun cika ofis, amma ajin zana na ƙauyenmu yana nan yadda muka bar shi.

Akwai maganganun da ya kamata mu saurara. Wani dattijo ya ce mini: "Ɗana, Hausa ai da ita aka haife shi, na kai shi lakwal ne ya koyo abin da babu a gida." Yana da gaskiya ta wani gefe, tun da jarrabawa da neman aiki har gobe da Faransanci ake yi. Amsata ita ce ba cewa ake a kori Faransanci ba. A koya shi da baki tun CI, a matsayinsa na baƙon harshe, a bar karatu da lissafi su kafu da harshen da yaro ke tunani da shi. Wanda ya iya karatu sau ɗaya ba ya sake koyonsa daga tushe, sabbin ƙa'idoji kawai zai ƙara. Na biyu, akwai ƴaƴan Fulani a ajin, kuma duk hujjar da na kawo don Hausa tana aiki don Fulatanci. Idan muka manta da su, mun yi musu abin da muke kuka an yi mana. Na uku, mushen kansa bai taɓa koyon rubuta Hausa ba, kuma babu littafi ko ɗaya da zai riƙe.

Wannan na ukun ya shafe mu kai tsaye. Ku buɗe wayoyinku ku duba yadda muke rubuta wa juna a WhatsApp: "ina kouana", "na tchi", "mouna godiya". Sunan garinmu ma Yékoua muke rubutawa. Mun yi shekara goma sha uku a makaranta, mun fito ba mu iya rubuta harshen uwayenmu sai da aron tufafin wani. Ni kaina sai a jami'a na fara sanin inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ.

Saboda haka ga abin da nake kawo wa ƙungiyarmu. Injin da ke buga wannan ɗan littafi zai iya buga na yara. Kowannenmu ya rubuta shafi huɗu da Hausa mai sauƙi, da manyan baƙaƙe, a kan abin da ɗan CI ya sani: rijiya, akuya, ranar kasuwa, sussukar gero. Mu bi ƙa'idar rubutu, mu gyara wa juna, wanda ya iya Fulatanci ya yi da shi. Idan hutu ya zo kowa ya kai ƙauyensu, ya nemi izinin dirakta, ya miƙa wa mai ajin. Na tambayi mushen ƙauyenmu ko zai karɓa. Ya ce in kawo, amma in fara zama da shi tukuna in nuna masa yadda ake karanta masu ƙugiyar nan.