Rumbun Ko-ta-kwana: Sharhi a kan Cibiyar Adana Bayanai ta Kano

1.0 Gabatarwa

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano, domin ta tsaya wa ta Abuja idan waccan ta sami matsala. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa samun rumbu na biyu bai wadatar ba, sai an san yadda yake tafiya daidai da na farko.

2.0 Tushen Al'amarin

Ajiye kwafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji a 1979, malaman hakimai a gundumomi irin su Kiru da Tudun Wada sukan rubuta sunayen masu biya, a kuma kai lissafin Kano. Amma wancan littafi shekara-shekara ake sabunta shi, alhali rumbun bayanai na kwamfuta yana sauyawa kowace daƙiƙa. A nan gizo ke saƙa.

3.0 Hanyoyin Daidaitawa

Hanyoyi biyu ne. Ta farko, uwar rumbu ba za ta tabbatar da wani rubutu ba sai na ko-ta-kwana ya amsa cewa ya karɓa. Wannan tana hana asara, amma tana jawo jinkiri, domin saƙo a wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 ne a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma tilas ya je ya dawo. In waya ta yanke, aiki yana iya tsayawa cak.

Ta biyu, uwar rumbu ta ci gaba da aikinta, na biyu yana biye da ita a baya. Wannan ta fi sauri, sai dai duk abin da bai iso ba kafin uwar ta faɗi, ya tafi ke nan. Alal misali, ɗalibi ya taso daga Doguwa ya yi rajista, an ba shi takardar shaida, gobe a ce babu sunansa. Wa zai biya shi kuɗin mota da damar da ta wuce?

4.0 Inda Aka Fi Yin Sakaci

Rumbun ko-ta-kwana madubi ne: yana ɗaukar daidai, yana ɗaukar kuskure. In an goge abu a uwar, nan take zai goge a can. Saboda haka dole a sami ajiya ta uku wadda aka killace dabam. Kamfanin GitLab ya ɗanɗana wannan a ƙarshen Janairu na 2017. Rumbunsa na biyu ya ja baya, wajen gyara wani ma'aikaci ya goge na uwar, aka tarar yawancin ajiyoyin ba sa aiki, aka yi asarar bayanan kimanin awa shida.

Bugu da ƙari, in alaƙa ta yanke kowane rumbu ya ɗauka shi ne shugaba, sai a wayi gari da littattafai biyu masu saɓa wa juna.

5.0 Kammalawa

Gina cibiyar Kano abin yabo ne, domin tazara tsakaninta da Abuja tana kare bayanai daga gobara ko ambaliya guda. Amma girman gini ba shi ne ma'auni ba. Ya kamata kowace hukuma da kowace kwaleji ta iya amsa tambayoyi uku: daƙiƙa nawa na biyu yake baya, minti nawa juyawa kansa ke ɗauka, kuma yaushe aka gwada juyawar da gangan. Rumbun da ba a taɓa buɗewa ba, ranar yunwa ake sanin abin da ke cikinsa.