Kamfailar Mutum Ɗaya da Tambayar Amana

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu shirya manhaja: duk harshen kwamfuta ko kamfaila (manhajar da ke fassara shi zuwa harshen na'ura) da mutum ɗaya ya ƙirƙira a ɗakinsa don sha'awa, wasa ne. Sai ka ji ana tambaya, wane kamfani ne ya tsaya masa? Idan mai shi ya gaji, wa zai ci gaba? Ina ganin wannan hukunci ya yi gaggawa, kuma masu yanke shi ba su natsu sun duba yadda ake gina amana a wannan fage ba.

Guido van Rossum ya fara Python ne a hutun Kirsimeti na 1989, ya sake shi a 1991. Yukihiro Matsumoto ya fitar da Ruby a Japan a 1995. Graydon Hoare ya fara Rust a matsayin aikin kansa a 2006, shekara uku kafin Mozilla ta ɗauki nauyinsa. Kamfanonin daga baya suka zo, bayan abin ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Batun wanda zai ci gaba kuwa ba abin dogon musu ba ne, domin galibin irin waɗannan ayyuka a buɗe suke a intanet da lasisin kyauta. Fabrice Bellard ya daina kula da kamfailarsa TCC tuntuni, wasu suka ɗora daga inda ya tsaya.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne dabarar da nake ɗauka babbar jarrabawar kowace kamfaila, wato ta haɗa kanta da kanta. Mai aikin yakan rubuta kamfailar da harshen da ita take fassarawa. Da farko sai ya ari wata kamfaila, misali GCC, ya haɗa ta. Wannan zubi na ɗaya ke nan. Sai ya ba zubi na ɗaya rubutun tushensa, ya haifi zubi na biyu. Sai na biyu ya maimaita, ya haifi na uku. Ba laifi idan na ɗaya ya bambanta da sauran, tunda hannun baƙo ne ya fitar da shi. Amma na biyu da na uku dole su zo daidai, bayit da bayit. Idan aka sami saɓani ko na bayit ɗaya, to akwai matsala a wani wuri. GCC da kanta wannan gwaji take yi wa kanta. Kyawun dabarar shi ne kamfaila manhaja ce mai wuyar sha'ani, cike da rassa da jadawalai da sarrafa ma'adana, don haka wadda ta iya haɗa kanta ta riga ta ɗauki kaya mai nauyi. Kuma kowa na iya maimaita gwajin a kwamfutarsa ba tare da ya jira shaidar wani ba.

Sai dai gwajin yana da iyaka, kuma Ken Thompson ne ya nuna ta a laccarsa ta lambar yabo ta Turing da aka buga a 1984. Ya bayyana yadda za a koya wa kamfaila ta dasa ƙofar baya a manhajar shiga Unix, ta kuma dasa wannan halin a duk kamfailar da ta haifa, sannan a goge alamar daga rubutun tushe. Kamar tsohon nonon da ake zubawa a sabuwar madara ne: in ya gurɓata, duk ƙwaryar da ta biyo baya ta ɗauka. A nan girman kamfani ba ya maganin komai. Ba wanda zai zauna ya karance miliyoyin layukan GCC, kuma ko ya karanta, cutar ba a rubutun take ba.

Maganin daga ƙananan kamfailoli ya fito. A 2005 David Wheeler ya nuna cewa idan aka haɗa kamfaila ta hannun wata daban wadda ba su haɗa asali ba, aka kwatanta sakamakon, ana iya gano irin wannan dashe, kuma da TCC ya yi gwajinsa. A 2023 masu aikin Guix suka sanar da cewa sun gina tsarinsu tun daga ɗan iri mai bayit 357, ya hau mataki-mataki ta GNU Mes, ya bi ta TCC, kafin ya isa GCC. Ita TCC ɗin ta samo asali ne daga wata 'yar kamfaila da Bellard ya shiga gasa da ita a 2001. Raina kama ka ga gayya.

Saboda haka nake fifita ƙaramar kamfailar da ake iya karancewa a kan babbar da sai dai a yarda da ita kawai. Rui Ueyama ya tsara kamfailarsa chibicc ta yadda matakin farko lamba ɗaya tak yake fassarawa, kowane mataki yana ƙara abu guda, har ta kai ga haɗa Git da SQLite. Ɗalibin da ya bi wannan sawu ya san abin da ke faruwa da rubutunsa. Duk mai son auna kamfailar wani, ya bar neman sunan kamfani, ya sauke ta, ya haɗa ta sau uku, ya kwatanta.