Babur Ya Kwanta, Ya Ƙi Tashi: Aikin Makanikin Chikaji

Daga Yuli zuwa Satumba, rumfunan gyaran babur na Chikaji, a Sabon Garin Zariya, ba sa rasa wani irin baƙo. Mutum ne zai turo mashin da ƙafa, gumi ya jiƙe masa riga, gefen wandonsa guda jajawur da taɓo, madubi ɗaya na kallon sama. Ba sai ya yi bayani ba. Hanyoyin da ke shigowa Sabon Gari daga wajen Likoro da Hunkuyi da Bomo da Basawa, da an sauka daga kwalta jar ƙasa ce, idan ta sha ruwa kuwa santsinta ba ya jin magiya. Masu bin su kuma ba su san tafiya hannu rabbana ba: buhun masara biyu, ko damin rake, ko fasinja uku har da mai goyo. Babur ya zame ya kwanta. Mai shi ya miƙe, ya karkaɗe jiki, ya gode wa Allah da babu karaya, ya buga kik. Shiru. Ya yi ta bugawa har cinya ta yi tsami.

Abin da ke ƙona masa rai shi ne minti biyar da suka wuce injin nan lafiyarsa ƙalau. Gwanin makanike kuwa daga nan yake kama zaren. Injin da yake aiki ɗazu da wuya a ce cikinsa ne ya lalace. Faɗuwa ta kan kai abu inda ba wurinsa ba ne kawai: fetur ya kwarara inda iska ya kamata ta bi, baƙin mai ya haura sama, ruwa ya shiga, ko waya ta zame daga mazauninta. Shi ya sa za ka ga bai yi saurin miƙa hannu ga sifana ba. Tambaya yake fara yi.

"Sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ta wane gefe ya kwanta?"

"Ta dama, Oga."

"Ya daɗe a ƙasa? Da ya faɗi ya ci gaba da ƙara, ko nan take ya ɗauke? Cikin ruwa ne ko kan tudu?"

Wanda bai sani ba sai ya zaci jaje ne. Kowace amsa rage masa aiki take yi. A yawancin baburan da ke yawo a Zariya, Bajaj Boxer ɗan Indiya ne ko Jincheng da Haojue na Sin, totur da salansa da ƙarfen kik suna dama, kuloci da ƙarfen giya da makullin mai da murfin faifan da ke haifar da wuta suna hagu. Gefen da ya sha ƙasa shi za a fara zargi. Injin da ya ɗauke cak, galibi wuta ce ta yanke. Wanda ya yi tari, ya yi shaƙuwa, sannan ya mutu, maganar mai ce. Wanda kuma ya daɗe yana ƙara a kwance, taya na juyawa a iska, shi ne ke sa makanike ya ɗan tsuke fuska, don famfon baƙin mai daga ƙasan inji yake zuƙa, idan babur ya kishingiɗa sai ya zuƙi iska.

Kafin ya yarda kowa ya sake taka kik, sai ya durƙusa ya danna shi da hannu, a hankali. Ni dai a duk aikin nan babu inda ya fi burge ni kamar wannan. Yana so ya ji ko fistin zai haye har ƙarshen tafiyarsa ko zai cije. A injin da ke da girman cc 100, idan fistin ya kai maƙura, sararin da ya rage a samansa bai wuce cc 12 ko 13 ba, bai ma cika babban cokali ba. Iska tana matsuwa ta shige wannan ɗan wuri, ruwa da mai kuwa ba sa matsuwa. Idan cokali guda ya samu shiga, aka taka kik da ƙarfin ƙato, ko aka tura babur a gangare aka saki kuloci, sandar da ke riƙe da fistin ce za ta lanƙwashe. Gyaran da zai ƙare da cire filogi ya koma sauke inji. Don haka idan ka ji ya daka wa yaron shago tsawa, "Kai, sauke ƙafarka!", ba faɗan banza yake yi ba.

Idan kik ya wuce sumul, sai a koma kan wanda aka fi kamawa da laifi, wato kafireto. A ƙasansa akwai ɗan kofi da fetur ke taruwa, a ciki akwai 'yar roba mai shawagi da allura a jikinta, kamar ƙwallon nan da ke cikin tankin ruwa na saman gida: mai ya cika, roba ta taso, allura ta toshe hanya. Wannan dabara tana aiki ne muddin babur na tsaye. Da ya kwanta, roba ta rasa sama da ƙasa, allura ta buɗe, fetur ya yi ta malala cikin maƙogwaron inji. Inji kuwa yana son iska wajen kashi 15 a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Idan mai ya rinjayi iska, ko wuta ta zo ba abin da zai kama. Shi ne za ka ji an ce, "Ya sha mai ne," ko "Obafulo ya yi."

A nan ne mai babur yake ƙara wa kansa wahala ba da saninsa ba. Ya ga ya ƙi tashi, sai ya ja cok, cok kuwa iska yake ragewa, ga inji dama iskar yake nema. Makanike akasin haka yake yi. Ya rufe makullin mai, ya mayar da cok, ya murɗe totur har ƙarshe ya riƙe, sannan ya sa a buga kik a jere. Mai kallo zai ce ai buɗe totur ƙara mai ne. A gudun kik ba haka ba ne: idan ƙofar ta wangale, zuƙar da ke janyo fetur daga kofi tana raguwa, iska ce ke shiga da yawa ta share abin da ya taru. Sau da yawa a nan labarin yake ƙarewa. Inji ya yi tari biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama.

Idan bai kama ba, sai a kwance filogi, kuma filogi ba ya ɓoye abin da ya gani. Makanike zai juya shi a haske, ya kai hanci. Jiƙaƙƙe mai warin fetur, mai ya yi yawa. Baƙi mai danƙo, baƙin mai ne ya biyo ta bututun numfashin inji ya shiga akwatin iska, ko ya tsallake ringin fistin. Ɗigon ruwa a bakinsa, an sha kududdufi. Busasshe ƙayau bayan duk wannan bugun kik, to fetur ma bai iso ba. Tun ramin filogin yana buɗe zai sa a taka kik 'yan lokuta, duk abin da ke ciki ya feso waje. Sannan ya goge filogin, ya mayar masa da hularsa, ya jingina gindinsa da ƙarfen inji, ya kare shi da tafin hannu saboda hasken rana na haɗiye tartsatsi, ya ce a buga. Shuɗiyar wuta mai ƙara ƙyas-ƙyas yake nema a wannan 'yar tazara da ba ta kai milimita 1 ba. Ja-ja mai kasala tana iya haskawa a waje ta kasa a ciki, inda matsi ya yi yawa. Ka lura kuma, nesa da bakin ramin yake yin gwajin, don tururin fetur na fitowa daga nan. Yara masu gaggawa kan zuba wa filogi fetur su ƙyasta ashana wai ya bushe. Yana bushewa, amma a rumfar da ke cike da galan da tsumman mai, wannan ganganci ne. Ogan kirki yana da tsohon filogi lafiyayye a aljihu, da shi yake raba gardama.

Babu wuta sam? Nan ake gane makanike da mai canje-canje. Mai canje-canje zai ce si-di-ai ne, a sayo. Bai tashi ba, kwayil ne, a sayo. Kafin la'asar ɗan acaɓa ya kashe cinikin kwana uku, ga balas ɗin mai babur na jiran sa. Gwani kuwa baya-baya yake bin wutar, daga mai araha zuwa mai tsada: hular filogi ko ta sassauta, wayar da ta taho daga kwayil a ƙarƙashin tanki, soket ɗin si-di-ai ko girgiza ta zare shi. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. A baburan da aka ƙera bisa tsarin Honda, har da na Sin masu yawa, kashe inji ba yanke wuta ba ne, karkatar da ita ake yi zuwa jikin ƙarfen babur ta wata baƙar waya mai farin layi. Idan faɗuwa ta murɗe kan babur har wayar ta goge a wuya ta taɓa ƙarfe, to babur a kashe yake ko da makulli na kunne. Sai makanike ya zare wannan waya daga soket, a buga. Wuta ta dawo, an kama ɓarawo, maganinsa ɗan salatif. Mai babur kan dage cewa batir ne. Da yawa daga cikin waɗannan injuna ba ruwansu da batir wajen tashi da kik, daga faifan maganaɗisu suke samun wutarsu.

Filogi busasshe kuma wata hanya yake nunawa. A zare tiyon mai a ga ko yana zuba. Idan ya zubo kaɗan ya tsaya, a buɗe murfin tanki a saurara: akwai 'yar ƙofar iska a jikinsa, idan taɓo ya toshe ta mai ba ya sauka. Wani lokacin allurar nan ce ta maƙale a rufe, sai ka ga ya ƙwanƙwasa kofin kafireto da gindin sukudireba sau biyu, shi ke nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa ba sa cika tanki, lita ɗaya ce ko kwalba daga wajen 'yan bumburutu, kullum ana kan rizab. Tankin da ba ya cika yana tara raɓa da tsatsa, ruwa kuma ya fi fetur nauyi, yana kwance a ƙasa. Faɗuwa ce ke dama wannan laka ta aika da ita kafireto. Makanike zai sassauta ɗan sukurun da ke gindin kofi, ya tari abin da ya zubo a yankakkiyar roba, ya ɗaga maka ka gani da idonka: ga fetur a sama, ga ƙwayoyin ruwa na birgima a ƙasa.

Ga mai, ga wuta, amma shiru? Saura matsi. Ya ɗora babban yatsa a ramin filogi, a taka kik. Lafiyayyen inji ture yatsan yake yi da ƙarfi. Ya duba robar da ta haɗa kafireto da inji ko ta tsage, ya leƙa bakin salansa ko ya cika da taɓo, don injin da ba ya fitar da numfashi ba ya shaƙa. Sai duk waɗannan sun wanke kansu yake tunanin ɗan ƙarfen da ke riƙe faifan maganaɗisu a mazauninsa, wanda idan ya karye wuta za ta riƙa zuwa ba a kan lokaci ba, kik yana harbin ƙafa.

Baburan daji na ainihi, masu dogayen ƙafafu irin su Yamaha DT da AG da malaman gona da ma'aikatan lafiya ke ratsa ƙauyuka da su, suna da nasu hali. Masu bugu biyu ne da yawansu, fetur yana bi ta cikin inji kafin ya hau sama, saboda haka idan suka sha mai a can ƙasa yake taruwa, share shi yana cin kik da haƙuri. Sababbin da ba su da kafireto kuwa an sa musu na'urar da ke kashe inji da gangan idan ya kwanta. Nasu sauƙi ne: a miƙar da babur, a kashe makulli, a sake kunnawa.

A Palladan, ba nisa, akwai kwalejin koyon tuƙi da gyaran jiragen sama da aka kafa a 1964, inda ake bin aiki layi-layi a rubuce. Makanikin Chikaji nasa layin a ka yake, ya same shi ne tun yana yaron shago mai wanke noti a cikin fetur, yana kallon hannun ogansa, ana aikensa kasuwar Sabon Gari sayo gasket. Ba duka makanikai ne suka iya ba, kuma masu babur ma suna da nasu laifi, don wani idan ba a kwance masa komai ba gani yake ba a yi aiki ba, sai ya yi ta ƙorafin kuɗin hannu.

Ko inji ya tashi, ba a sallami mutum ba tukuna. Zai bar shi ya yi ƙara, shuɗin hayaƙin man da ya shiga salansa ya ƙone ya ƙare. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba: idan ya ragu a ƙara, idan ya koma fari-fari ruwa ya gauraya da shi, dole a juye yau ba gobe ba. Ya karya kan babur dama da hagu yana sauraro, don idan ƙara ta ƙaru da kanta, wayar totur ta maƙale, kuma ita ce za ta sake kayar da mutum a kwana ta gaba. Ya matsa birkin gaba da na baya. Daga nan ya tsaya a gaban babur, ya matse tayar gaba da gwiwoyinsa, ya fizgi kan har ya daidaita, ya ce wa mai shi ya kai bakin titi ya dawo a ji yadda giya ke shiga.