Alƙali Oka: Abin da Tatsuniya ta Ɗauka da Abin da ta Zubar

Duk mai bibiyar adabin Japan zai ci karo da labaran da ake kira Oka Seidan, wato hukunce-hukuncen alƙali Oka. Mata biyu suna jayayya a kan yaro, sai alƙali ya ce kowacce ta kama hannu ɗaya ta ja. Yaro ya tsala ihu, ɗaya ta saki, alƙali ya ce ita ce uwar. A wani labarin an sace wa ɗan kasuwa yadi a gaban gunkin Jizo, sai Oka ya sa aka ɗaure gunkin aka kawo kotu. 'Yan kallo suka cika wurin suna dariya, ya ci su tarar yadi kowa turmi guda, a ciki aka gano na sata.

Labaran suna da daɗi, ban musa ba. Matsalata da su ita ce sun ari sunan mutum na gaske sun rataya masa aikin da ba nasa ba. Na matan nan biyu mun san irinsa tun a ƙissar Annabi Sulaiman (AS), kuma da yawa daga cikin sauran an kwaso su ne daga tsofaffin littattafan shari'a na ƙasar Sin. Shari'ar da masana tarihi suka fi yarda tasa ce, ita ce ta Okuma, 'yar wani attajirin katako da ta ƙulla kashe mijinta. A 1727 aka zaga gari da ita sannan aka kashe ta. Babu dabarar ban dariya a ciki.

Oka Tadasuke na gaske an haife shi a 1677. A 1717 shogun Yoshimune ya naɗa shi ɗaya daga cikin hakiman birnin Edo, Tokyo ta yau, birni mai mutum kusan miliyan ɗaya da gidajen katako manne da juna. Babban abokin gabarsa gobara ce. A 1720 ya tsara 'yan kwana-kwana daga mutanen unguwanni, ƙungiyoyi 47, kowacce da harafinta da yankinta. A 1722 aka buɗe asibitin talakawa na Koishikawa ƙarƙashin kulawarsa, bayan wani likita ya jefa shawarar a akwatin koke da shogun ya kafa. Shi ne kuma ya ɗaure wa Aoki Konyo gindi wajen gwajin noman dankalin Hausa, don a samu abin ci idan shinkafa ta ƙi.

Masu ba da labari sun tsallake duk wannan, kuma na gane dalili. A aikinmu na rubuta manhaja, wanda ya tashi da tsakar dare ya gyara tsarin da ya tsaya shi ake tafa wa. Wanda ya gina tsarin da bai taɓa tsayawa ba, sunansa ma ba a tunawa. Gobarar da ba ta ci unguwa ba, ta yaya za ta zama labari? Amma wannan gazawar marubuci ce, ba ta rayuwar Oka ba. Mutumin da zai shawo kan masu unguwanni su ɗauki nauyin 'yan kwana-kwana daga aljihunsu ya ishi a gina littafi guda a kansa.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu masu alƙalami. A 1722 ofishinsa ya fitar da dokar ɗab'i: dole a buga sunan marubuci da na maɗaba'a a ƙarshen kowane littafi, an hana littattafan batsa, an hana rubutu a kan gidan Tokugawa. Ke nan jarumin da labaran suka mai da gatan talaka shi ne ya sa wa marubuta linzami. Shirin talabijin na Oka Echizen, wanda aka fara a 1970 ya kai 1999, ya bi sawun tatsuniyar ne, ya ba shi fuskar mai tausayi. Ya rasu a 1752, shekara huɗu bayan an ɗaga shi zuwa muƙamin daimyo, abin da babu wani hakimin Edo da ya samu sai shi.