Harbin Kurege a Ƙasar Duwatsu

Da zarar an yi shuka a karkarar Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu, manomin gyaɗa ya shiga uku da kurege. Yakan bi layin shuka rami bayan rami yana tone iri, sai ranar duba tsiro a tarar da giɓi. Zomo ya bi ganyen wake, gafiya kuma ta jira kaka. Mai adaka a ɗaki da wuya ya zuba ido, kuma ban ga laifinsa ba, guminsa ake ci. Damuwata ita ce abin da yake ɗura wa bindigar.

A Amurka harbin ƙananan dabbobi masu ɓarna fanni ne mai zaman kansa, kuma rabin iliminsa zaɓen harsashi ne. Maharban can sun fi riƙon ƙaramar bindiga mai faɗin baki milimita 5.6, wato .22 LR, wadda harsashinta ya shiga kasuwa tun 1887 kuma nauyinsa bai kai giram 3 ba. Duk da ƙanƙantarsa yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. A 2002 kamfanin Hornady ya fito da .17 HMR, mai harsashin da ke tarwatsewa da zarar ya bugi jiki. Sai dai su galibi ba cin abin da suka harba suke yi ba.

Mu namu daban ne. Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar farauta irin wannan sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, don haka abin da ke hannun maharbin ƙauye adaka ce ƙirar maƙeri. Ta baki ake ɗura ta, a danna da tsumma, kuma duk abin da ya samu shi ne harsashi: guntayen dalma, saran ƙarfe, ƙwallayen boris na keke. Ba saiti take bi ba, watsawa take yi. Sau da yawa kuregen yakan ja ƙafa ya shige rami ya mutu can, ba a yanka ba, ba a ci ba.

Kuma nan ƙasar duwatsu ce, sunan garin Dutse ma ya faɗa. Kurege na son hawa kan falalen dutse ya miƙe a ƙafafun baya yana leƙe, a nan ne ya fi jan ido, a nan ne kuma harbinsa ya fi haɗari. Ƙarfe mai tauri idan ya bugi dutse ba ya lotsewa, tsalle yake yi ya nufi inda maharbin bai taɓa nufa ba. Bayan dutsen nan kuwa akwai yaro mai kiwon awaki, akwai mace mai itace. Maharbin da bai san abin da ke bayan dabba ba, bai kamata ya ja kunama ba.

To, a koma dalma ke nan, tunda ita tana lotsewa? Ita ma da nata sharrin, don namu kuregen tukunya za shi. Dalma takan farfashe cikin tsoka, ƙanana har ido ba ya gani, kuma dahuwa ba ta kashe gubarta. Yara ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa. Mutanen Arewa sun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda ƙurar haƙar zinariya mai dalma ta kashe yara sama da 400. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a fadamu daga 2023. Mu da muke da dausayin Baturiya, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, maganar ta shafe mu kai tsaye.

A ganina, dabbar da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, tarko da kare da gora sun fi dacewa da ita, kamar yadda iyaye suka yi. Idan harbin ya zama dole, a yanke naman da ke kewaye da raunin a binne, kada a jefar ungulu ko kare ya ci. Sarakunan Baka da malaman gona na hukumar JARDA, ku ake saurare a ƙauyuka. Ku kai wa maharba wannan magana kafin shukar bana.