Jinjina ga Masu Jitar Rakiya a Kiɗan Blues

A kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka, hankalin jama'a yana kan mawaƙi ne, ko gwanin da ke sa jita kuka. Ni kuwa mai jitar rakiya, wanda ke tsaye a gefe, shi nake yi wa jinjina.

Aikinsa haƙuri ne zalla. Sautuka uku yake juyawa cikin zagaye mai gaɓa 12, galibi a kan tsirkiya biyu masu kauri, gefen tafin hannunsa a kwance kansu don kada amon ya yi yawa. Kunnensa na wajen mai ganga. In mawaƙi ya buɗe baki, sai ya sassauta; in ya numfasa, sai ya ɗan cike gurbin, ba ƙari. Ga iyawa a yatsu, amma ya danne ta saboda waƙa ta fita.

Haka Eddie Taylor ya riƙe wa mawaƙi Jimmy Reed kiɗa a Chicago cikin shekarun 1950, haka Jimmy Rogers ya yi wa mawaƙi Muddy Waters. Sunan wasu ne a fuskar faifan, amma da babu masu rakiyar, da rawa ta gagari kowa.

Mai karatu, in ka kunna waƙar Reed, ka ba Taylor kunnenka.